Haɗarin Mota da Takardar Tara: A Biya Ko A Je Kotu?

Bayani domin Hakimai da Magatakarda na Ƙasar Yauri

An shirya wannan 'yar takarda ne saboda wata matsala wadda ta kan zo ƙofar kowane hakimi da hanyar mota ta ratsa ƙasarsa. Mota ta yi karo da wata, ko ta buge mai babur, ko ta banke saniya. Ma'aikata sun zo sun duba, sun rubuta wa direba takardar laifi, sun riƙe lasinsa ko motar tasa. Kafin gari ya waye sai ga direban, ko ubangidansa mai motar, ko tsohonsa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, in biya ne ko kuwa in je gaban alƙali?" Amsar da aka ba shi a wannan zama tana iya tsirar da sana'arsa, tana kuma iya jawo masa hasarar da zai shekara yana biya. Don haka ya kamata mai ba da shawara ya san abin da doka ta ce tun kafin a zo masa.

Dalilin da ya sa zancen ya shafe mu

Babbar hanyar da ta taso daga Legas, ta biyo ta Ilori da Jebba da Kwantagora, ita ce ta ratsa Birnin Yauri da Yelwa, ta miƙe Koko da Jega har Sakkwato. Hanya ce ta Gwamnatin Tarayya, dare da rana kuwa ba ta rabuwa da tirela da tankar mai da motocin shanu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a shekara ta 1968, tafki ya cika, aka ta da garuruwan gungu da na bakin ruwa zuwa sababbin matsugunai, cinikin kifi da albasa da shinkafa ya dogara ƙwarai ga mota. Kayan da jirgin ruwa ya sauke a Yelwa ko a Wara, mota ce za ta kai shi gaba. Ga kuma babura da a-kori-kura masu fitowa daga ƙauyukan Ngaski da Shanga ran kasuwa, suna hawa kwalta ɗaya da manyan motoci. Inda aka sami irin wannan cakuɗa, haɗari ba ya zama baƙon abu.

Takardar tara ba hukunci ba ce

Abu na farko da za a fahimtar da mutum shi ne wannan: takardar da ma'aikaci ya rubuta masa a bakin hanya zargi ce, ba hukunci ba ce. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda a ke tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifin a kansa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC, wadda jama'a ke kira Rod Sefti, an kafa ta a 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne kuwa shugabanta na fari. A 2007 aka yi mata sabuwar doka wadda ta jera laifuffukan hanya, kowanne da tararsa. Takardar da ma'aikatanta su ke bayarwa tana ɗauke da zaɓi biyu. Mutum yana iya yafe hakkinsa na zuwa kotu, ya biya tarar da aka ƙayyade, a mayar masa da takardunsa. Yana kuma iya cewa bai yarda ba, a gurfanar da shi gaban majistare, ko gaban kotun tafi-da-gidanka wadda a kan kafa a bakin hanya. Duka biyun halal ne a wurin doka. Abin da bai halatta ba shi ne na uku, watau a cusa takarda a aljihu a manta da ita. Wa'adinta na 'yan kwanaki ne kawai, in ya wuce hukuma tana da ikon kai mutum ƙara.

Ban da Rod Sefti akwai 'yan sanda na sashen kula da motoci, su ne ke auna wurin haɗari, su zana taswirarsa, su ɗauki jawabin kowa. Akwai kuma jami'an duba lafiyar motoci, watau VIO, waɗanda ke gwada birki da sitiyari da taya bayan haɗari, su rubuta rahoto. Magatakarda ya fara duba kan takardar, ya ga wace hukuma ce ta bayar da ita, gama kowace da hanyarta.

Abubuwa uku da ba a gama su wuri ɗaya

Yawancin ruɗanin da a ke samu ya taso ne daga gama abubuwa uku da doka ta rarraba.

Na ɗaya, laifin hanya. Wannan tsakanin direba ne da Gwamnati, tararsa kuma baitulmali ta ke shiga.

Na biyu, ɓarna da rauni. Wannan tsakanin direba da mai mota ne a gefe guda, da wanda aka yi wa ɓarna a ɗaya gefen: gyaran mota, kuɗin magani, kuɗin dabbar da ta mutu, ko diyyar rai. Biyan tara ba ya ɗauke wa kowa wannan nauyi ko da na kwabo.

Na uku, inshora. Doka ta tilasta wa kowane abin hawa ya kasance da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu 2023, hukumar kula da kamfanonin inshora ta mayar da kuɗin wannan inshora na motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A watan Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara matsa wa masu motoci a kanta a duk ƙasa.

To, ga inda ukun nan su ke haɗuwa. Wanda ya biya tarar tuƙin ganganci da hannunsa, abokin rigimarsa yana iya ɗaukar wannan ya nuna a zaman sulhu ko a kotu, ya ce, "Ga shi ya amsa da kansa." Wanda kuma kotu ta kama da laifi, Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a kawo wannan hukunci a matsayin shaida in an zo shari'ar neman diyya. Sa'an nan takardun inshora su kan ɗauki sharaɗin cewa kada mai mota ya amsa laifi, ko ya yi alkawarin biya, sai da sanin kamfani. Saboda haka tarar da ta yi kama da ƙaramin abu tana iya zama bakin zaren babban bashi.

Laifuffuka da tararsu

Ga kaɗan daga cikin laifuffukan da su kan fito bayan haɗari, da adadin da dokar 2007 ta ɗora wa kowanne:

Tuƙin ganganci, Naira 50,000.
Ƙin kai rahoton haɗari, Naira 20,000.
Tuƙi ba lasin, ko da lasin da ya ƙare, Naira 10,000.
Lodi fiye da kima, Naira 10,000.
Tuƙi cikin maye, Naira 5,000.
Amfani da waya ana cikin tuƙi, Naira 4,000.
Gudun wuce ƙa'ida, Naira 3,000.
Wuce wata mota inda bai kamata ba, Naira 3,000.
Rashin ɗaura bel, Naira 2,000.
Hawa babur ba hular kwano, Naira 2,000.

Majalisa tana da ikon sake waɗannan adadi, don haka kullum a gwada abin da aka rubuta a takarda da jerin da ke ofishin hukumar. Ban da kuɗi, kowane laifi yana da makin da a ke rubutawa a kan lasin direba. Tuƙin ganganci maki 10 ne, gudun wuce ƙa'ida maki 3. In maki ya taru a kan fara da gargaɗi, sa'an nan dakatar da lasin, daga ƙarshe a janye shi. Ga wanda tuƙi ne abincinsa, wannan ya fi tarar ciwo.

Game da gudu, ƙa'idar hanya ta ce ƙaramar mota da ta haya kada su wuce kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya. Tirela da tanka kuwa 45 cikin gari, 50 a babbar hanya. Tun watan Fabrairu 2017 aka tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu.

In an kama mota aka ajiye, dokar 2007 ta sa kuɗin ajiya Naira 200 kowace rana bayan sa'o'i 24 na farko. In ta kai wata shida ba a zo an karɓa ba, hukuma tana iya neman Babbar Kotu ta mallaka mata ita.

Tambayoyi biyar kafin a yanke shawara

Idan mutum ya zo neman shawara, kada a yi gaggawar ce masa biya ko kada ka biya. A zaunar da shi, a kawar da 'yan rakiya in ya yiwu, a yi masa tambayoyin nan bi da bi.

Ta farko: shin ka aikata abin da aka rubuta? A nemi gaskiya tsakaninsa da Allah. In lasinsa ya ƙare tun bara, ba abin da zai gaya wa majistare wanda zai sabunta shi. In an ƙirga fasinja an tarar sun fi kujeru, lissafi ba ya karɓar musu. Irin wannan ya biya, ya gyara, ya huta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ta biyu: an rasa rai, ko an yi mummunan rauni? In haka ne, zancen ya wuce takardar tara. Dokar manyan hanyoyin Tarayya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda ya yi sanadin mutuwar wani ta hanyar tuƙin ganganci. Mutumin da ke cikin wannan hali kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan wani jawabi da ba a karanta masa ya fahimta ba, kuma lalle ya nemi lauya. Marar hali yana iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976 domin talakawa.

Ta uku: laifin da aka rubuta, shi ne musabbabin haɗarin ko kuwa wani abu ne dabam? Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa da ita. Rashin ɗaura bel laifi ne, amma ba shi ya sa wata mota ta buge ka ta baya ba, biyan tararsa kuwa bai nuna kai ka jawo karon ba. Amma tuƙin ganganci, da wuce mota a kan kwana, da gudun wuce ƙa'ida, su ne ainihin abin da za a yi jayayya a kai in an zo batun wa zai biya ɓarna. Irin waɗannan ba a amsa su don neman sauƙi kawai.

Ta huɗu: wace shaida ke hannunka? Shari'a ba ta cin rantsuwar baki kaɗai. Wanda ya san yana da gaskiya, amma ba shi da mai ba da shaida, ba hoto, taswirar 'yan sanda kuma ba ta goyi bayansa ba, a gaya masa a fili cewa tafiyar tana da wuya.

Ta biyar: me zuwa kotu zai ci maka? A lasafta kuɗin mota zuwa da komowa, da ranakun da za a rasa na aiki in an ɗage shari'a sau biyu ko uku, da ladan lauya, da ɗawainiyar shaidu, da kuɗin ajiyar mota, da cinikin da motar ba ta yi ba tana tsaye. Mutumin Wara ko na ƙauyukan Shanga ya tuna da nisan da ke tsakaninsa da inda kotu ke zama. A kuma sani, in kotu ta kama mutum da laifi, ba tilas ba ne ta tsaya a kan tarar da ke takarda, wasu laifuffukan suna da ɗauri.

Misalai uku

Mu ɗauka wani mai a-kori-kura ya ɗauko albasa daga bakin ruwa zai kai Yelwa. Ya taka birki saboda rami, wata mota ta buge shi ta baya, ba wanda ya ji rauni. Da ma'aikata suka zo sai suka tarar bai ɗaura bel ba, suka rubuta masa Naira 2,000. Wannan ya biya. Laifin gaskiya ne, tarar kaɗan ce, ba ta kuma taɓa hakkinsa na neman wanda ya buge shi ya gyara masa mota ba.

Mu ɗauka kuma wani direban haya ya taso daga Kwantagora, yana kan hannunsa, sai wata babbar mota ta baro nata hannun don kauce wa lalatacciyar hanya, suka gogi juna. Aka rubuta wa direban hayar tuƙin ganganci, Naira 50,000 da maki 10, mai babbar motar kuma yana neman a gyara masa. Fasinjoji uku sun yarda za su ba da shaida, akwai kuma hoton da ya nuna fasassun gilasai sun zube a hannun direban hayar. Wannan ya dace ya ja. In ya biya don a sakar masa mota da wuri, ya sayi hutun kwana biyu da bashin gyaran motar da ba shi ya ɓata ba.

Na uku, mai babur ya fito daga hanyar ƙauye ya hau kwalta bai duba ba, mota ta buge shi, ya karye. Direban motar ya san yana gudu fiye da ƙa'ida cikin gari. A nan kowa yana da nasa kason laifi. Abin da ya fi shi ne direba ya fara da ɗaukar nauyin kai majinyaci asibiti, ya sanar da kamfanin inshora nan da nan, ya nemi shawarar lauya kafin ya biya ko ya musa, manya kuma su shiga batun magani.

Shaidar da ke da amfani

Gani ya kori ji. Shaidar da aka tara a sa'ar farko ta fi wadda aka nema bayan mako. Ya kamata dagatai da masu unguwanni na garuruwan bakin hanya su san abubuwan nan, domin su ne su kan fara isa wurin.

A fara da ceton rai. A kai masu rauni asibiti mafi kusa, a kira lambar gaggawa ta Rod Sefti, 122. Asibiti ba shi da ikon ƙin karɓar wanda ya yi haɗari, dokar 2007 ta ma sa tarar Naira 50,000 a kan wanda ya ƙi.

Sa'an nan, in ba tilas ba, kada a motsa motocin kafin a ɗauki hotonsu ta kowane gefe, har da lambobinsu. In sun tare hanya, a shata inda tayoyinsu su ke kafin a janye su. A ɗauki hoton sawun birki, da inda gilashi da ƙasar ƙarƙashin mota suka zube, gama nan ne mafi yawa wurin karon. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da hoton waya a kotu in an cika sharuɗɗanta, don haka kada a goge shi, kada kuma a sayar da wayar.

Sawun birki yana da magana. Motar da ke tafiyar kilomita 80 a sa'a tana cin kimanin mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya, mai tafiyar 50 kuwa kimanin mita 14. In gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke ja bayan an taka birki ya kan ninka huɗu. Saboda haka dogon sawu cikin gari shaida ce a kan direba, gajere kuwa shaida ce a gare shi.

A rubuta sunayen waɗanda suka gani da idonsu da inda za a same su, tun ba fasinjoji ba, waɗanda za su watse kafin la'asar. In 'yan sanda sun zana taswira, direba ya dube ta sosai kafin ya sa hannu. In bai yarda da wani awo ba ya faɗa a nan take.

Direban da ya ji tsoron taron jama'a kada ya gudu daji. Ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko ƙofar hakimi ko dagaci, a raka shi. Wanda ya gudu ya ƙara wa kansa laifi, ya kuma ɓata shaidarsa. Wajibi ne ga shugabanni su hana jama'a dukan direba ko ƙona mota, gama wannan babban laifi ne, yana kuma shafe shaidar da wanda aka yi wa rauni zai nemi hakkinsa da ita.

In an zaɓi biya

Tarar Rod Sefti ba a biyanta a hannun ma'aikaci. Ana biya ne ta banki ko ta Remita, zuwa asusun bai-ɗaya na Gwamnatin Tarayya, a kai rasit ofishin da ya rubuta takardar, a karɓi lasin ko mota. Wanda ya miƙa kuɗi a bakin hanya bai biya tara ba, ya ma faɗa wani laifin, gama yunƙurin ba ma'aikaci toshiyar baki yana cikin jerin laifuffuka, da tarar Naira 10,000. A adana rasit da kwafin takardar, wata rana za a neme su.

In an zaɓi kotu

Mutum ya je ofishin da ya ba shi takarda tun wa'adi bai cika ba, ya shaida musu cewa bai amsa laifi ba, yana son a kai shi gaban alƙali. Ya fi kyau a yi haka a rubuce, a riƙe kwafi. In kuskuren a fili ya ke, kamar an rubuta lambar motar da ba tasa ba, ko an ce ba shi da lasin alhali ga shi, ana iya kai kuka ga shugaban ofishin, ko babban ofishin jiha da ke Birnin Kebbi, wani lokaci a gyara ba sai an je kotu ba.

A kotu za a karanta masa tuhuma, a tambaye shi ko ya amsa. Nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara. Wanda a ke tuhuma yana da ikon yi wa shaidun hukuma tambayoyi, da kawo nasa, da kare kansa da bakinsa ko ta lauyan da ya zaɓa. In ba ya jin harshen da a ke shari'a da shi, Tsarin Mulki ya ba shi tafinta kyauta. Wannan ya shafi ƙasarmu ƙwarai, inda a ke da Gungawa da Kambari da Shangawa da Fulani waɗanda wasunsu Hausar kasuwa kaɗai su ke ji. Kada kunya ta hana mutum neman tafinta. Ya halarci kowane zama a kan lokaci, gama rashin zuwa ya kan jawo takardar kamu, ya kuma jefa wanda ya tsaya masa beli cikin wahala. In hukunci bai gamshe shi ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha, amma akwai wa'adi, sai ya tambayi magatakardan kotu tun a ranar.

Wasu su kan zo da labarin cewa kotu ta hana ma'aikatan hanya cin tara. Ga asalin zancen. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a Asaba ta yanke cewa ikon Rod Sefti a kan hanyoyin Tarayya ya ke. A watan Oktoba 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta hana jami'an VIO na Abuja kama motoci da cin tara. Amma hanyar Kwantagora zuwa Yelwa zuwa Koko ta Tarayya ce, hukunci na biyun kuwa a kan jami'an Abuja aka yi shi. Kada wani ya dogara da jita-jitar tasha ya ƙi kula da takardarsa. Irin wannan hujja aikin lauya ce a gaban alƙali.

Aikin hakimi da magatakarda

Tun gyaran kotuna na 1968 da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, shari'ar laifi ta bar hannun sarakuna. Hakimi ba shi da ikon soke takardar tara, bai kuma kamata ya aika wa ma'aikaci ko alƙali da roƙon a sassauta wa wani ba, gama wannan yana zubar da girman sarauta. Amma abin da ya rage a hannunsa ba kaɗan ba ne. Shi ne mai kwantar da hankalin jama'a ran haɗari, shi ne mai faɗa wa talakansa gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba, shi ne kuma mai sulhu a kan ɓarna.

Sulhu alheri ne, amma a kiyaye abu uku. Na ɗaya, sulhu a kan gyara da magani ba ya kashe laifin da ke hannun hukuma, musamman in an rasa rai. Na biyu, kada a matsa wa marar ƙarfi ya yafe hakkinsa don wanda ya buge shi babban mutum ne, kada kuma a ɗora wa baƙon direba abin da bai yi ba don ba shi da kowa a garin. Na uku, in motar tana da inshora a sanar da kamfani kafin a ƙulla magana.

Magatakarda kuwa shi ne idon wanda bai iya karatu ba. Ya karanta wa mutum takardarsa baƙi da baƙi, ya nuna masa laifin da aka rubuta, da adadin tara, da ranar da wa'adi zai cika. In an yi sulhu ya rubuta shi filla-filla: ranar haɗari da wurinsa, lambobin motoci, abin da aka yarda za a biya da lokacin biya, da sa hannun ɓangarorin biyu da shaidu, kowa ya tafi da kwafinsa, ɗaya ya zauna a ofis. Kada ya rubuta wa kowa jawabin da ya san ƙarya ne, ramin ƙarya ƙurarre ne. Yana da kyau kuma ya buɗe littafi na musamman inda zai riƙa rubuta kowane haɗari da ya auku a gundumar. In shekara ta zagayo, littafin nan zai nuna kwanar da ta fi cin mutane, da kasuwar da ta cinye bakin kwalta, hakimi ya sami hujjar da zai kai wa Majalisar Sarki da ƙaramar hukuma don a nemi gyara.

A taƙaice

Wanda ya yi laifi, laifin kuma ƙarami ne, bai shafi musabbabin haɗari ba, ya biya ta banki ya karɓi rasit. Wanda aka ɗora wa laifin da bai yi ba, laifin kuma shi ne zai sa a bi shi bashin ɓarna, yana da shaida a hannu, ya je kotu ba tare da tsoro ba. Inda aka rasa rai ko aka yi mummunan rauni, kada a yanke shawara sai da lauya. Kowane hali a ke ciki, kada a bar wa'adi ya wuce, kada kuma a ba da kuɗi a bakin hanya.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani a taron dagatai, a kuma isar da shi ga shugabannin direbobi da na 'yan acaɓa a tashoshin Yelwa da Wara da Shanga da sauran garuruwa. Rigakafi ya fi magani: direban da lasinsa da inshorarsa ke da rai, birkinsa da tayoyinsa lafiya lau, gudunsa kuma daidai ƙa'ida, ko tsautsayi ya faɗa masa zai tsaya gaban kowa da ƙarfin zuciya. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.